Filin Jirgin da Ya Koma Kasuwar Tsofaffin Wayoyi

Wayar ta shigo ne da hantsi, ina tsaye a bakin lif ɗin ginin Tianxiu da ke Guangzhou riƙe da ledar biredi. Da na ga lambar ƙanin Alhaji sai na san ba lafiya ba, don a lokacin a Kano ko asalatu ba a kira ba, kuma mutumin nan ba ya nemana sai in kwantena ta makara. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce babban ɗan Alhaji ya rasu jiya da yamma, motar haya ce ta kife da su a hanyarsa ta komawa makaranta. Ya ce in gari ya waye za a yi jana'iza, ba za a jira kowa ba. Sannan ya ɗora mini abin da ya kira ni dominsa: in canja wa Alhaji tikiti ya taho a jirgin yau, in ce masa jikin Hajiya mahaifiyarsu ne ya tashi, kuma kada in bari ya ji gaskiya sai ƙafarsa ta taka Kano.

"Ka san hawan jininsa," in ji shi. "In ya ji a can, gawa biyu za mu yi. Amana ce na ba ka."

Alhaji shi ya kawo ni China. Na fara ne da riƙe masa shago a kasuwar waya a gida, daga baya ya ce kaina yana ja, ya zaunar da ni a Guangzhou ina haɗa masa kaya. Shi kuwa yakan zo lokaci-lokaci ya duba da idonsa, ya yi mini faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya koma. Ya taɓa yanke jiki ya faɗi a gabana a cikin wani sito, saboda haka maganar ƙaninsa ba tsoratarwa ba ce. Duk da haka raina ya ɓaci. Su suna can a taro, mai kuka yana yi, mai rarrashi yana yi, ni kaɗai aka bari da mutum mai rai in yini ina yi masa fara'ar ƙarya. Ni ma an taɓa yi mini irin wannan ɓoyon lokacin rasuwar mahaifina, kuma har yau ban san ko godiya ya kamata in yi ba ko fushi.

Kafin in hau sama sai da na bi shaguna. Labari ya riga ni isowa, kamar kullum, kowa na tarar yana duban waya yana salati. Na roƙe su ɗaya bayan ɗaya kada wanda ya yi wa Alhaji gaisuwa, kada a canja masa fuska. Maƙwabcin ofishinmu, wani mutumin Maraɗi mai fataucin jakunkunan mata daga garin Shiling, wanda shi da Alhaji ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba, ya riƙe hannuna ya ce in kwantar da hankalina, ba wanda zai yi kuskure.

Na samu Alhaji a ofis yana gwada batiran wasu wayoyi, tabarau a kan karan hanci. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Ya ɗago ya dube ni, sai ya yi 'yar dariya.

"Hajiya ke nan. Da na ɗan daɗe a waje sai jikinta ya tashi. Ba ni ƙanin nawa."

Na kira masa a wayata. Ban san yadda mutumin nan ya iya daidaita muryarsa ba, amma ya iya. Alhaji ya ajiye waya ya ce to, a canja tikitin, ai uwa ba a ja da ita. Sai ya miƙo mini tasa wayar in kunna masa VPN, 'yar manhajar nan da sai an kunna ta saƙonnin gida suke shigowa a China. Bai taɓa koyon kunna ta da kansa ba, yana cewa aikin yara ne. Na ɗan latsa nan da can, na ce tun jiya aka toshe, ba ta aiki. Ya yi tsaki ya mayar da ita aljihu, don abu ne da yake faruwa.

Na so ya kwanta ya huta har lokacin tafiya, in zauna in tsare ƙofa. Bai yarda ba. Ya ce tunda kaya suna hannun masu kargo, kuma jirgi ba yanzu zai tashi ba, akwai alkawarin da ya ɗauka da bai cika ba.

"Mutumin naka ne ya ba ni aiki," in ji shi.

Haka yake kiran ɗan nasa. Ɗan fari ne, kuma Alhaji irin mutanen da ne, sunan yaron bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ko dai ya ce mutumin naka, ko in yana cikin nishaɗi ya ce direban sama, domin yaron yana makarantar koyon tuƙin jirgi ne. Ashe kafin Alhaji ya taho yaron ya gaya masa ya karanta cewa Dashatou, kasuwar da muke sayen tsofaffin wayoyi, a da can filin jirgi ce. Wai a nan aka yi makarantar koyon tuƙi tun jirgin sama yana sabon abu a ƙasar, kuma wasu jiragen a kan kogin da ke gefen kasuwar suke sauka su tashi. Ya roƙi uban ya nemo wurin ya ɗauko masa hoto.

"Shekara da shekaru muna taka wurin nan ni da kai, ba wanda ya sani," in ji Alhaji. "Shi yana zaune a ɗakin kwanan makaranta ya gano. Tashi mu je."

Na kawo uzurin ruwan sama, na kawo na cunkoso. Ya ce ragwantaka ce ta yi mini yawa tun da na fara tara tumbi. Muka fita.

Lokacin nan ne na shekara da garin yake jiƙewa, bango yana gumi, tayil yana santsi, tufafi su kwana a rataye ba su bushe ba. Sama ta yi fari fat, ana yayyafi marar ƙarewa. A tasi Alhaji yana ta magana, ni ina ta amsawa da e da haka ne, wayata tana ta motsi a aljihu da saƙonnin gaisuwa da mutane suke turo mini in isar masa.

Dashatou na san ta ciki da bai. Layi ne bayan layi na akwatunan gilashi cike da wayoyin da wasu suka gaji da su, ga warin dalma daga teburan masu gyara, ga ƙarar salatif ana naɗe kwalaye. Ban taɓa shigarta da wata tambaya da ta wuce ta farashi ba. Muka tsaya wurin wata mata da muka daɗe muna ciniki da ita. Ta washe baki.

"Nihao, laoban!" Haka suke ce wa duk mai sayen kaya da yawa, wato maigida.

Na yi mata tambayar da ɗan Sinancin kasuwar da na iya. Ta yamutsa fuska ta ce, "Meyo, meyo," babu. Alhaji ya ga kamar ni ne ban iya bayani ba, sai ya ture ni gefe. Ya buɗe hannayensa biyu a tsakiyar layin, dattijo da furfurarsa da hularsa, yana karkata dama da hagu yana gurnanin injin, sannan ya sunkuya a hankali ya nuna ruwa da tafin hannu. Mutane suka tsaya kallo suna dariya, shi ma yana yi. Matar ta ce ta gane, ta ruga shagon maƙwabcinta ta dawo da jirgin wasan yara a kwali. Na yi dariya ni ma don dole, kuma ban taɓa jin dariyar da ta yi mini ciwo a ƙirji kamar wannan ba.

Duk wanda muka tambaya a kasuwar baƙo ne kamarmu, daga wani lardin ya zo neman abinci. Sai muka tsallaka titi zuwa bakin kogi, inda jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido suke ɗaure suna jiran yamma. A ƙarƙashin wata babbar bishiya mai saiwoyi a rataye muka tarar da tsofaffi sun fake suna karta. Ɗaya daga cikinsu, wani siriri mai haƙoran roba, da ya ji tambayata sai ya kife katinsa ya taso. Ya yi magana a hankali don in gane, inda na kasa kuma muka haɗa da fassarar waya.

Ya ce shi bai ga jiragen ba, amma mahaifiyarsa ta gani tana yarinya, don a cikin kwale-kwale aka haife ta, a kan kogin nan danginsu suke kwana suke tashi. Ya ce duk inda kasuwar take a da tudun yashi ne ruwa ya kewaye shi. Sojoji suka baje shi, suka kafa rumfuna, suka kawo 'yan jirage tsofaffi da aka sayo daga waje. Wasu masu taya ne, wasu kuma an ɗaura musu abu kamar ƙananan kwale-kwale biyu a ƙafa. In irin waɗannan za su sauka sai a busa usur, masu kwale-kwale su yi ta tuƙi suna matsawa gefe, wanda ya yi nawa igiyar ruwa ta kifar masa da tukunya. Akwai gangare da aka yi har cikin ruwa, ta nan ɗalibai suke jawo jirgin da igiya su shigar da shi rumfa. Kakarsa tana sayar musu da kunun shinkafa da kifi daga cikin kwale-kwale, su tsuguna a bakin gangaren su sha, wandunansu a jiƙe.

Ina fassarawa Alhaji yana gyaɗa kai, yana cewa in faɗi a hankali don ya riƙe. Tsohon ya ce daga baya gari ya matso, aka mayar da filin can bayan gari, yaƙi ya zo, aka cike ruwan da ya raba tudun da gari, aka yi gine-gine. Sai ya ƙara wata magana yana girgiza kai. Ya ce uwarsa takan ce ɗaliban nan samari ne kyawawa, iyayensu sukan zo su tsaya a bakin ruwa suna kallon sama, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka yi tsawon ran da za su yi furfura.

Ban fassara wannan ba. Alhaji ya taɓa ni.

"Me ya ce?"

"Ya ce yara ne masu ƙoƙari."

"Ai dole," in ji Alhaji. "Tambaye shi ina gangaren yake."

Tsohon ya kai mu 'yan taku kaɗan ya buga ƙafa a kan siminti, kusa da rumfar sayar da tikitin jirgin ruwa. Ya ce a nan ƙasa ne, ko kuma can gaba kaɗan, shi ma ba zai rantse ba. Ba komai a wurin. Dakali ne da ƙarfen kariya da kwandon shara, sai ruwa mai launin ƙasa yana wucewa da ganyaye. Alhaji ya ce masa shiye-shiye, wato na gode da Sinanci, ya riƙe hannunsa da hannu biyu kamar ya ba shi kyautar gida.

Ya ɗauki hoton simintin, ya ɗauki na ruwan. Ya ba ni wayar ya gyara hula ya tsaya in ɗauke shi, ya ce in tabbatar kogin ya fito. Sannan ya karɓa ya danna wurin ɗaukar murya, ya kai ta bakinsa.

"To direban sama, ga filin naka na zo. Ba abin da ya rage sai ruwa. An ce da igiya ake jan jirgin, ka gode wa Allah da ba a zamanin ka zo ba, da wannan ƙashin naka ba za ka iya ba. Sauran bayani sai na iso."

Saƙon ya tsaya bai tafi ba. Ya ce ba komai, in ya sauka zai tafi da kansa.

Muka jingina da ƙarfen, yayyafi yana sauka a kafaɗunmu. A lokacin na lissafa a raina cewa gari ya waye a Kano, an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Shi kuwa hira ce ta zo masa. Ya ce da fari bai yarda da karatun nan ba sam. Ya ce wa yaron Allah ya shimfiɗa ƙasa da faɗinta, ga shago, ga kasuwa, me zai kai mutum sama? Sai da yaron ya haɗa shi da Hajiya sannan ya sakar masa. Ya ce har yanzu duk ranar da ya san suna da tashi ba ya iya cin abincin kirki sai ya ji an sauka.

"Amma ka san wani abu? Ran da ya zo gida da farar rigar nan mai igiya a kafaɗa, ɗaki na shiga na rufe. Ban taɓa ce masa ya burge ni ba. Ba a faɗa wa ɗa irin wannan." Ya dubi ruwan. "Wataƙila in ya gama in faɗa masa."

Saura kaɗan in gaya masa gaskiya. Na ji haushin ƙaninsa, na ji haushin kaina, na ji haushin duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan ɓoye-ɓoyen. Mutum yana da haƙƙin ya yi wa ɗansa addu'a a lokacin da ake sa shi a ƙasa. Amma na dubi jijiyar da take harbawa a gefen goshinsa, na tuna doguwar tafiyar da ke gabansa shi kaɗai, da zaman jira a wata ƙasar da ba wanda ya san shi. Na ce ana kirana, na koma bayan rumfar tikiti na kara waya a kunne ba kowa a kai, na yi kukana na share fuska. Da na dawo ya ce idona ya yi ja, na ce mura ce.

Mun koma Tianxiu bayan la'asar. Muka yi salla a ofis, na jawo jakunkunansa na fara ɗorawa a sikeli. Mutane suka fara shigowa sallama, kuma a nan ne abin ya lalace, ta inda ban taɓa zato ba.

Duk wanda ya zauna a Guangzhou ya san ba a tafiya gida hannu sake. Da an ji kana da jirgi za a yi ta zuwa da saƙo. Wannan waya ce a kai wa matarsa, wannan maganin ciwon gwiwa ne na tsohuwarsa, wancan samfurin takalmi ne a nuna wa abokin ciniki a Kwari. Ba a tambayarka ko kana da sauran kilo, ajiyewa ake yi a ce Allah ya kiyaye hanya. Alhaji ya fi kowa mita a kan wannan, yana cewa an mayar da shi jakin Kano, amma bai taɓa mayar da saƙon kowa ba. Har wata babbar jakar leda mai zif yake ajiyewa musamman don kayan mutane.

Ya ɗauko jakar da kansa ya buɗe ta a tsakiyar ofis, ya koma ya zauna yana jira. Mutane suka cika ɗakin, har da waɗanda ba su saba zuwa ba. Kowa ya ba shi hannu ya daɗe bai saki ba. Kowa ya yi addu'ar Allah ya ba Hajiya lafiya, ba wanda ya yi kuskuren kalma ɗaya, kamar yadda suka yi mini alkawari. Sai dai ba wanda ya zo da ko tsinke. Ba shawara suka yi ba. Kowannensu shi kaɗai ya ga bai dace ya ɗora wa mai makoki kaya ba, ni kuma da na bi shaguna da safe ban tuna in ce su kawo ba.

Alhaji ya dubi jakar, ya dubi mutumin Maraɗi da yake tsaye a bakin ƙofa.

"Kai, ina tarkacen naka? Ko yau an tuba?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "A bari sai wani karo, Alhaji. Bon voyage. Allah shi kai ka lafiya."

Bai rama tsiyar ba, kuma shi bai taɓa barin ta kwana ba. Alhaji ya bi fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kawar da ido. Suka fara zamewa da ɗaɗɗaya har ya rage daga ni sai shi.

"Rufe ƙofar," in ji shi.

Na rufe.

"Tun da nake zuwa garin nan ban taɓa tafiya da jakar nan ba komai a ciki ba." Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. "Hajiya ta rasu, ko?"

Na durƙusa a gabansa na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin amsa. Ya yi ta maimaita innalillahi, hawaye suna bin gemunsa. Na miƙa masa maganinsa da ruwa ya sha ba musu. Can ya nisa ya ce alhamdulillahi, ta yi tsawon rai, ta ga jikoki, kuma ran da zai taho ya durƙusa ya nemi gafararta ta yafe masa. Ya ce kada in damu, bai ga laifina ba, shi ma da haka zai yi. Har ya dafa kaina yana ba ni haƙuri, wai na yini da nauyi a ƙirji.

Sai ya goge fuska da hannun riga, ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin wadda yake ba da umarni da ita a kasuwa.

"Kira mini ƙanin nawa yanzu. Ka ce masa kada wanda ya gaya wa mutumin naka. Jibi ne zai tashi da jirgi shi kaɗai karon farko, ba malami a gefensa. Ka san yadda yake da kakarsa. A bar shi ya tashi da hankalinsa a kwance, in ya sauka ni zan gaya masa da bakina."

Ya tsaya yana kallona, yana jira. Na ciro waya na kira. Ƙanin ya ɗauka, ina jin hayaniyar masu zaman makoki a bayansa.

"Alhaji ya ce," na faɗa, "kada a gaya wa yaron. A bar shi sai ya sauka."

Can ɓangaren, mutumin da tun dare yake riƙe da muryarsa ya fashe da kuka. Na danne wayar a kunnena da ƙarfi don kada sautin ya fita, na ce to, to, zan gaya masa. Alhaji ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya naɗe jakar ledar, ya ce in duba ko mota ta iso.